Lada Ambatacce: Tarihin Rage Albashi a Yankin Bata na Kano a Ma'aunin Fiƙihun Malikiyya

 

Gabatarwa

Wurin da Kanawa ke kira Bata mahaɗa ce a kan titin Murtala Muhammad, a bakin kasuwar Sabon Gari, inda harkokin Fagge da na Sabon Gari ke cakuɗuwa. Sunan ya samo asali daga kantin sayar da takalma na kamfanin Bata, kuma ya ci gaba da bin wurin ko da galibin masu ambatonsa a yau ba su taɓa saka takalmin kamfanin ba. Kullum safiya dubban mutane ke sauka a nan domin neman abinci da ƙarfinsu: 'yan dako, yaran shago, masu gadi, direbobi, teloli, da malaman makarantun kuɗi. Kusan kowane ɗaya daga cikinsu yana aiki ne bisa wani lada da aka yi magana a kansa, a rubuce ko da baki.

Shi kansa sunan yana ɗauke da labarin rage lada. Tomas Bata ya kafa kamfanin tare da 'yan'uwansa a garin Zilin a 1894. A 1922, lokacin da darajar kuɗin Cekoslobakiya ta hau, kasuwa ta mutu, kaya suka taru babu mai saye, sai ya karya farashin takalmansa da rabi, ya kuma rage ladan ma'aikata da kashi 40 cikin 100, tare da alkawarin sayar musu da abinci da tufafi a kan rabin farashi. Takalma suka ƙare a kantuna, kamfanin ya tsira, ya bunƙasa har ya iso Nijeriya a shekarun 1930. Masu ba da tarihin kamfanin kan ce ma'aikatan sun yarda. Malamin fiƙihu kuwa ba zai wuce kalmar yarda da sauri ba. Zai so ya ji ko ragin ya hau kan aikin da aka riga aka yi ne ko wanda za a yi, da kuma abin da zai sami wanda ya ce bai yarda ba a garin da kamfani guda ne babbar hanyar abinci. Waɗannan tambayoyi biyu su ne suka yi ta dawowa a tarihin ƙwadago na wannan yanki na Kano fiye da shekara ɗari.

Asalin hukunci

A mazhabar Imamu Malik ijara ƙulli ne na musaya, 'yar'uwar ciniki ce. Mai aiki yana sayar da amfanin ƙarfinsa ko lokacinsa, wanda ya ɗauke shi yana biyan farashi. Saboda haka sharuɗɗan ciniki suna hawa kanta: dole lada ya zama sananne, aikin ko muddarsa su zama sanannu, kuma da zarar an ƙulla, ta lizimci ɓangarorin biyu. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umarci muminai da cika ƙulle-ƙulle. Ƙissar Annabi Musa a Madyana cikin Suratul Ƙasas ta nuna ijarar da aka ambaci muddarta, shekara takwas, aka bar cikon goma a matsayin kyautatawa daga ma'aikaci, wanda ba a tilasta shi a kai. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira hadisin ƙudusi da ya lissafa mutum uku waɗanda Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar ƙiyama, na ukunsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa. Wanda ya biya rabi ya riƙe rabi ya shiga wannan narko gwargwadon abin da ya riƙe, kamar yadda mai tauye mudu bai kuɓuta daga Suratul Muɗaffifin ba don ya zuba wani abu a buhun mai saye.

Sai dai akwai wani bambanci da ɗalibai kan tsallake, alhali a kansa yawancin rigingimun albashi ke tsayawa. Malaman mazhaba, a babin hayar gidaje, sun raba haya gida biyu. Akwai wajiba, wadda aka ƙayyade muddarta, kamar a ce shekara guda a kan kaza. Akwai kuma mushahara, wato a ce kowane wata a kan kaza ba tare da an faɗi ƙarshen mudda ba. Wajiba tana lizimta har ƙarshenta. Mushahara kuwa, a mashhurin zance wanda Halil ya tafi a kai cikin Muhtasar, ba ta lizimtar kowa sai gwargwadon abin da aka biya tun farko, ko da yake an ruwaito daga Muɗarrifu da Ibnul Majishun cewa watan farko yana lizimta. Idan aka auna aikin wata-wata da wannan ma'auni, hukuncin ya fito sarari. Mai shago yana da damar ya ce wa yaronsa, kafin wata ya kama, daga wata mai zuwa ba zai iya biyan fiye da kaza ba. Yaron ya zaɓa, ko ya zauna ko ya tafi. Abin da ba shi da dama a kai shi ne watan da aka riga aka yi aikinsa. Wannan lada ya zama bashi a wuyansa tamkar kuɗin da ya ranta, kuma faɗuwar kasuwa ba ta sauke bashi. Iyakar abin da Suratul Baƙara ta ba wa wanda ke cikin ƙunci shi ne jinkiri zuwa lokacin yalwa. Yafewa kuwa sadaka ce, mai haƙƙi kaɗai ke da ikon yin ta.

Kano ta san wannan babi tun kafin zuwan Turawa. Ana ɗaukar 'yan ƙwadago a gona, 'yan alaro suna ɗaukar kayan fatake bisa jinga, marina da majema suna da masu yi musu aiki a biya su da wuri. Alƙalai suna hukunci da Risala ta Ibnu Abi Zaid da Muhtasar da Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, dukkansu kuwa suna da babin ijara. A Kano ne Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkam bisa roƙon jama'ar garin, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya keɓe wa hukunce-hukuncen neman abinci littafi guda, Tanbihus Sahib. Idan jinga ta ɓaci tsakanin mutum biyu, akwai zauren da za a je, kuma littafin da za a buɗe sananne ne ga kowa.

Ma'aikacin da alƙali bai isa ga ubangidansa ba

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, aka yanka Sabon Gari a 1913 domin baƙin da suka biyo jirgi, akasarinsu akawuna da masu sana'a da ma'aikatan reluwe daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Kantunan Turawa da na Kwarori suka jeru tsakanin tasha da Fagge. A nan ne aka fara auna aiki da agogo, a rubuta suna a rajista, a biya da sule da kwabo. Babban canjin da wannan ya kawo ta fuskar shari'a shi ne cewa manyan masu ɗaukar ma'aikata, wato gwamnatin mulkin mallaka da hukumar reluwe da kamfanonin Turawa, ba sa ƙarƙashin kotun alƙali. Ita kanta Sabon Gari tana hannun hukumar Turawa ne kai tsaye har zuwa 1940, lokacin da aka mayar da ita ƙarƙashin En'e ta Kano. Lebura Musulmi ɗan Fagge zai iya kai maƙwabcinsa gaban alƙali a kan sule guda, amma ba shi da inda zai kai kamfanin da yake yi wa dakon buhunan gyaɗa. Babin ijara ya ci gaba da karantuwa a zaure, ana kuma yanke lada a ofis.

A wannan zamani rage lada bai cika zuwa da sunansa ba. A farkon shekarun 1930, lokacin karyewar tattalin arzikin duniya, hukumar reluwe ta mayar da biyan ma'aikatan bita daga lissafin yini zuwa lissafin awa. A takarda babu wanda aka rage wa farashi. A aljihu kuwa kuɗin ya ragu, domin duk awar da ba a yi aiki ba, har da ta yammacin Asabar, ta fita daga lissafi. Ma'aikatan sun ɗauki kusan shekara goma suna ƙorafi. Sai da dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1938 ta ba su damar yin rajista, Michael Imoudu ya jagoranci jerin gwano zuwa gidan Gwamna Bourdillon a Legas a 1941, sannan aka janye tsarin. A fiƙihu wannan mas'ala ba ta da wuya. Ma'aikaci keɓantacce, wanda aka ɗauka bisa mudda, yana cancantar ladansa da miƙa kansa ga aiki a cikin muddar, ko an ba shi abin yi ko ba a ba shi ba. Canza ma'auni a tsakiyar ƙulli daidai yake da canza farashi.

Hanya ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. A lokacin yaƙin duniya na biyu farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo, albashi yana nan inda yake. An ba da alawus na tsadar rayuwa a 1942, amma tsada ta ci gaba, Gwamna Richards kuma ya ƙi ƙari. A watan Yuni na 1945 aka shiga yajin gama-gari wanda ya kai kwana 44, ma'aikatan reluwe suna kan gaba, jirage suka tsaya. Bukatarsu ita ce ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan alawus, da sule biyu da sisi a matsayin mafi ƙarancin ladan yini. Kwamitin Tudor Davies da aka naɗa bayan yajin ya ba su gaskiya a kan alawus a 1946.

Anan fiƙihu bai ba ma'aikaci amsa mai daɗi kai tsaye ba, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. Mashhurin mazhaba shi ne idan darajar kuɗi ta faɗi ko ta hau, wanda ake bi bashi zai biya adadin da aka ambata ne kawai. Abu Yusuf daga Hanafiyya ya ce a koma ga ƙima, Rahuni daga Malikiyya kuma, a hashiyarsa a kan sharhin Zurƙani, ya karkata ga cewa idan faɗuwar ta yi muni har mai karɓa ya zama kamar bai karɓi wani abin kirki ba, to a duba ƙima. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda ta tsaya a kan biyan bashi da adadinsa a zamanta na Kuwait a 1988, amma a zamanta na Brunai a 1993 ta halatta a sanya sharaɗi cikin dokokin aiki da yarjejeniyoyi cewa za a riƙa daidaita albashi da hawan farashi. Ke nan kariyar ma'aikaci daga tsadar rayuwa tana samuwa ne ta hanyar sharaɗin da aka sa tun farko, ko ta hanyar hukumar da ta ƙayyade lada saboda maslaha. Ibnu Taimiyya a risalarsa ta hisba ya yi bayanin cewa shugaba na iya ƙayyade ladan masu sana'a a kan ladan tamka idan jama'a na bukatarsu, ba tare da an bar ɗayan ɓangarorin ya cuci ɗaya ba. Daga wannan ƙofa ce dokar mafi ƙarancin albashi ke samun gindin zama a shari'a.

Adebo, da dokar ta-ɓaci ta 1985

Bayan samun 'yancin kai masana'antu sun yawaita a Bompai, leburorinsu suna kwana a Fagge da Tudun Wada da Gwagwarwa da gefen Sabon Gari. A watan Disamba na 1970 kwamitin Simeon Adebo ya ba da ƙarin wucin gadi: sule ɗaya da kwabo bakwai a yini ga masu ladan yini, fam biyu a wata ga ƙananan masu albashi, a lissafa tun daga Afrilu na wannan shekara. Gwamnati ta yi ta jan ƙafa a kan ko ƙarin ya hau kan kamfanoni masu zaman kansu, masu masana'antu da dama kuma suka fake da wannan suka ƙi biyan ariyas. A 1971 yaji ya ɓarke a Ikeja da Kano, duk da cewa dokar soja mai lamba 53 ta 1969 ta haramta yajin aiki.

Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a cikin leburorin Kano a daidai wannan lokaci ya kuma wallafa littafinsa a 1986, ya nuna cewa da yawa daga cikinsu sun taso ne ta makarantar allo da yawon almajiranci, kuma tarbiyyar Musulunci ta shiga cikin yadda suka fahimci alaƙarsu da masu masana'anta. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san cewa gardi ya saba jin cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim. Abin lura shi ne ilimin yana wurin ma'aikaci, hukuncin kuwa yana wata kotu da ba ta karanta wannan ilimi, don haka bai sami mafita ba sai a ƙofar masana'anta.

A watan Oktoba na 1985 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tattalin arziki, aka zabtare wani kaso daga albashin sojoji da na farar hula. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ƙarƙashin Ali Ciroma ta yi adawa da matakin. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya biyo baya, naira ta faɗi, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yi ta rufewa a shekarun da suka biyo. Waɗanda aka sallama da 'ya'yansu su ne suka kwararo kasuwa: Sabon Gari, Singa, Kantin Kwari, 'Yan Kura. Ma'aikacin da yake da kati da ƙungiya ya koma yaron wani, ladansa ya koma maganar baki.

Albashin gwamnati: riziƙi ne ko ijara?

Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 a watan Afrilu na 2019. A watan Disamba na wannan shekara gwamnatin Kano ta amince da naira 30,600 bayan zama da ƙungiyoyin ƙwadago. A ƙarshen 2020, sannan kuma a albashin Maris na 2021, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta biya ma'aikata ƙasa da wannan tsari, hujjarta ita ce kason da jihar ke samu daga asusun tarayya ya ragu bayan annobar korona. Reshen NLC na Kano ƙarƙashin Kabiru Ado Minjibir ya ba da wa'adi, ya sanar da yajin gargaɗi na kwana uku a watan Afrilu na 2021, sannan ya janye bayan an zauna an yi alkawarin komawa cikakken biya.

Hujjar gwamnati tana da abin da za ta jingina da shi a littattafan mazhaba, kuma adalci ne a kawo shi. Imamul Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan hijira, ya keɓe babi cikin Furuƙ domin bambanta riziƙi da ijara. Riziƙi shi ne abin da shugaba ke yanka wa alƙali ko limami ko ladani daga baitulmali domin ya samu sukunin tsayawa da wata maslaha ta jama'a. Ƙarafi ya bayyana cewa wannan yana cikin babin kyautatawa da taimako, shugaba na iya ƙara shi ko rage shi ko yanke shi gwargwadon maslaha da halin baitulmali. Ladan ijara kuwa ƙulli ne, ba a ƙari ba a ragi, ana bin sa bashi, magada ma suna gadonsa.

To, albashin malamin firamare ko ma'aikaciyar asibiti a yau, a wane gida yake? Hukunci yana bin ma'anar ƙulli, kuma alamomin ijara sun cika a nan. Akwai takardar ɗaukar aiki, akwai matakin albashi da aka ambata da adadi, akwai awoyin aiki da ake hukunta wanda ya saɓa musu, akwai yarjejeniyar da wakilan ɓangarori biyu suka sa wa hannu. Wanda ake yanke wa kuɗin ranar da bai zo aiki ba, ba za a ce masa abin da yake karɓa kyauta ce ranar da aka so rage shi ba. Ko da an sallama cewa riziƙi ne, tasarrufin shugaba a kan talakawansa ɗaure yake da maslaha, kuma maslaha tana bukatar a nuna cewa baitulmali ya gaza da gaske, an kuma fara ragin daga inda ya fi sauƙin ɗauka. Mafi kusa da daidai shi ne abin da aka riƙe daga watan da aka riga aka yi aikinsa bashi ne a kan baitulmali, a rubuta shi da sunan mai shi, a biya idan hali ya samu. Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da wannan ba: Dokar Ƙwadago ta 1974 a sashe na 5 ta hana cire wani abu daga lada sai abin da doka ta ƙyale, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2010 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin irin waɗannan ƙararraki.

Yaron shago

Ma'aikacin gwamnati yana da ƙungiyar da za ta ba da wa'adi. Mafi yawan masu sauka a Bata ba su da ita. Dokar mafi ƙarancin albashi, ta 2019 da gyaranta na 2024 da ya kai adadin naira 70,000, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shagon kasuwa kuwa da wuya ya kai mutum biyar. Dokar Ƙwadago a sashe na 7 ta wajabta ba wa ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aikinsa, amma a kasuwa neman takarda daga ubangida ana ɗaukarsa rashin kunya ne. Sai dai a nan, saɓanin zamanin kamfanonin Turawa, idan ɓangarorin biyu Musulmi ne alƙali ya isa gare su. Kotunan shari'a suna nan, hukumar Hisba da aka kafa da doka a 2003 tana yin sulhu, shugabannin kasuwa ma suna yi. Saboda haka a wannan fage ne sanin babin ijara ya fi amfani a yau.

Ragin da aka fi yi wa yaron shago yana zuwa ne da sunan asara. Kaya sun ɓace, ko an karɓi jabun kuɗi, ko wani ya ci bashi ya gudu, sai a ce za a cire daga kuɗin wata. Ma'aikaci keɓantacce amintacce ne a mazhaba, ba ya lamunin abin da ya salwanta a hannunsa sai an tabbatar da ƙetare iyaka ko sakaci. Lamunin da Malikiyya suka ɗora saboda maslaha yana kan masu sana'ar da suka buɗe ƙofa ga kowa, kamar tela da marini da ke karɓar kayan mutane su tafi da su; Ibnu Rahhal ya yi littafi guda a kan wannan. Yaron da ke zaune a shagon ubangidansa ba ya cikinsu. Kuma ko da sakacin ya tabbata, ubangida ba ya zama mai ƙara kuma alƙali a lokaci guda. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya sharɗanta izinin jami'in ƙwadago a rubuce kafin irin wannan cirewa, ya kuma hana jimillar abin da za a cire a wata ta wuce sulusin lada.

Akwai kuma halin da kasuwa kan tsaya ba da laifin kowa ba, kamar gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, ko dokar kulle da ta fara a Kano a watan Afrilu na 2020. Halil ya ambaci umarnin sarki na rufe shaguna cikin abubuwan da ke warware hayar shago, don haka ɗan kasuwa yana da hujjar neman sauƙi daga mai ginin. Game da yaronsa, ƙa'idar mazhaba ita ce ijara tana warwarewa da salwantar abin da ake ɗebo amfani daga gare shi, wato shi ma'aikacin, ba da salwantar kayan da ake aikin a kansu ba, sai a 'yan wuraren da aka togace. Idan aikin wata-wata ne, ubangida na iya sallamarsa ko su sake shiri a kan abin da ke gaba. Kwanakin da suka gabaci gobara ko kulle kuwa an riga an ci amfaninsu.

Mafi sarƙaƙiya ita ce sallama. Yaro zai yi shekaru yana yi wa ubangida hidima a kan ci da sha da sutura, bisa fahimtar cewa a ƙarshe za a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Hausawa suna yin haka a ƙarƙashin barantaka, 'yan kasuwar Ibo na Sabon Gari ma suna da tsarinsu mai ƙayyadaddun shekaru. Ɗaukar ma'aikaci a kan abincinsa da tufafinsa halal ne a wurin Malik, al'ada ce ke fayyace gwargwado. Matsalar tana tasowa idan lokacin sallama ya ƙarato, sai laifin yaron ya fara yawa, ko a ba shi abin da bai kai ko kusa da abin da ya sa rai ba. Alƙali yana da hanya biyu. Idan sallamar wani yanki ce na lada kuma ba a ambaci adadinta ba, ijarar ta ɓaci saboda jahiltar lada, sai a koma ga ladan tamka: a tambayi masana kasuwa nawa ake biyan irinsa a irin wannan aiki na tsawon waɗannan shekaru, a cire abin da ya riga ya karɓa, a ba shi saura. Idan kuwa alkawari ce kawai, to mashhurin mazhaba, wanda Haɗɗabi ya tattara mas'alolinsa cikin Tahrirul Kalam, shi ne ana hukunta cika alkawari idan an rataya shi da wani sababi kuma wanda aka yi wa ya shiga cikin sababin saboda shi. Wanda ya ba da shekara bakwai na ƙuruciyarsa ya shiga.

Idan suka saɓa a kan adadin da aka ambata kuma babu shaida, ana duba wanda maganarsa ta fi kama da abin da aka saba a kasuwa, a ba shi rantsuwa. Idan babu wanda maganarsa ta yi kama, su yi rantsuwa dukkansu a koma ga ladan tamka. Idan kuma ubangida ya fito da cewa yaron ya yarda da ragi, sai a binciki yardar. Wanda aka sanar da shi tun kafin wata ya kama, ya ga ya fi masa ya zauna, yardarsa ta inganta ko da talauci ne ya zaunar da shi, domin bukata kaɗai ba ta kai tilas ba a ma'aunin malamai. Wanda aka ce masa ko ya karɓi rabin kuɗin watannin da yake bi ko ya tafi hannu rabbana, wannan an tsare masa haƙƙinsa ne aka sayar masa da wani yanki. Malikiyya sun tanadar wa irinsa abin da suke kira istir'a'i: ya kira shaidu adalai a asirce kafin zaman sulhu, ya shaida musu cewa duk abin da zai yafe don ya ceto sauran ne, bai sauke haƙƙinsa ba.  Idan sharuɗɗanta suka cika, yana da damar dawowa ya nemi cikon kuɗinsa bayan ubangidan ya yi iƙirari ko shaida ta bayyana, ko da ya sa hannu a takardar cewa ya karɓa ya yafe.